Wane irin mutum ne zai iya aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama?

Autan Mama: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama. Na daɗe ina sha'awarsa, amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce sai gwanin lissafi, ni kuwa lissafina tsaka-tsaki ne. Wasu kuma sun ce aikin yana tsufar da mutum da wuri. Ban da takardun makaranta, wane irin hali ake nema? Ina so in auna kaina tun kafin in zuba lokacina a ciki.

Ɗan Lissafi: Wa alaikumus salam. Waɗanda suka faɗa maka ba su yi ƙarya ba. Jirage goma sha a sama, kowanne da gudunsa da tsayinsa da inda ya dosa, kai kaɗai za ka raba su. Wanda kansa bai ja a lissafi ba ina zai kai wannan kaya? Ka nemi wani fannin a harkar jiragen, ai suna da yawa.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, a daina saurin yanke wa yaro ƙauna. A wannan aikin na yi furfura, kuma lissafin da ke cikinsa ɗan sakandare zai yi shi. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kusan mil 8 a minti ɗaya. In zai sauko, kowace ƙafa 1,000 tana buƙatar kamar mil 3, ke nan wanda ke ƙafa 30,000 sai ya fara gangarowa tun da saura mil 90. Iyakar zurfinsa ke nan. Wahalar ita ce da ka za ka yi shi, babu biro babu takarda, kana yi wani matuƙin yana kiranka, waya tana ƙara a gefenka.

Abin da nake fara dubawa a wajen matashi shi ne ko yana iya ɗora hoto a kansa. Allon rada a shimfiɗe yake, ɗigo-ɗigo da lambobi kawai za ka gani, sama kuwa hawa-hawa ce. Ɗigo biyu na iya haɗewa a allo alhali akwai ƙafa 1,000 a tsakaninsu, wannan lafiya lau ne, ita ce ƙa'idar. Wasu biyun kuma suna nesa da juna, ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, nan da minti huɗu wuri ɗaya za su ratsa. Gwani inda jirgi zai kasance yake kallo. Jirage biyu da suka fuskanci juna suna cinye mil 16 a minti ɗaya, tazarar mil 5 da ake bari a tsakaninsu kuwa ba ta kai daƙiƙa 20 ba. In sai ka ga matsala sannan za ka fara tunani, ka riga ka makara.

Ka kuma sani kujerun uku ne. Na hasumiya da idonsa yake kallon titin jirgi ta gilashi. Na biyu yana gaban rada, shi ke jera masu sauka ɗaya bayan ɗaya, yana raba su da masu tashi. Na uku yana riƙe da waɗanda ke can ƙololuwa suna ratsa ƙasashe, sai ya yi wata bai ga jirgi da idonsa ba.

Autan Mama: Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Har na ji wani nauyi ya sauka.

Maman Iman: Baba ya yi maganar ido, ni bari in yi ta kunne. Ina kan kujera ta biyun da ya ambata, kuma a wajena saurare ya fi komai. Duk umarnin da na ba matuƙi dole ya maimaita mini shi, ni kuma dole in ji maimaicin da kyau. Sai in ce ya sauko ƙafa 7,000, ya maimaita 6,000. In hankalina ya riga ya koma kan jirgi na gaba, kunnena zai ji abin da nake sa ran ji, in wuce. Mutane da yawa ba sa sauraro, jira kawai suke a gama su yi magana. Mai wannan ɗabi'a sai ya kankare ta kafin ya zauna a kujerar nan.

Haɗari mafi muni a tarihin jiragen sama a ƙasa ya faru, kuma magana ce ta jawo shi. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, hazo ya rufe filin, hasumiya ba ta ganin titi, kuma babu radar ƙasa. Jirgin KLM ya fara gudun tashi bai samu izini ba, na Pan Am kuwa yana kan titin bai fita ba. Jami'in hasumiya ya ce da na KLM ya dakata zai kira shi, a daidai wannan daƙiƙa na Pan Am ma ya danna rediyo yana cewa har yanzu yana kan titi. Muryoyin biyu suka haɗe suka zama ƙara, sai farkon maganar ne ya shiga kunnen na KLM, wanda ya yi kama da amincewa. Mutum 583 suka rasu. Tun daga nan aka tsaurara lafazi: kalmar tashi ba ta fita daga bakinmu sai lokacin ba da izinin tashin ko soke shi.

Kyaftin: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni daga ɗaya ɓangaren rediyon nake, matuƙi ne. Ba mu taɓa ganin fuskokinsu ba, murya kawai muka sani, kuma wallahi daga jimla ɗaya muke gane ko wanda ke riƙe da mu a natse yake. In muryarsa ta fara rawa ko ya fara zuba magana kamar ana korarsa, tsoron nan take yake shigowa cikin jirgi.

Ku nemi faifan sautin jirgin US Airways mai lamba 1549 ku saurara, yana nan a intanet. Ranar 15 ga Janairu 2009 ne, tsuntsaye suka kashe injinansa biyu jim kaɗan da tashinsa daga LaGuardia a New York. Kowa ya san Kyaftin Sullenberger da ya sauke shi a kogin Hudson mutum 155 suka tsira, amma ku kasa kunne ga jami'in rada, Patrick Harten. Ya ba shi titi a LaGuardia, kyaftin ya ce ba zai iya ba. Bai tsaya tambayar dalili ba, ya ba shi wani. Kyaftin ya tambayi filin Teterboro, nan take ya kira can ya samo masa titi. Bai cika shi da tambayoyi ba, ya san hannun mutumin a cike yake. Irin wannan nake roƙon Allah Ya haɗa ni da shi ranar da abu ya ɓaci.

Ɗan Lissafi: To na ji, na sauka daga kan lissafi. Amma duk abin da kuka lissafa halitta ce. Natsuwa a cikin tashin hankali, hoto a ka, wa zai koya maka? Ko an haife ka da shi ko ba a haife ka da shi ba. Shi ya sa ake zubar da mafi yawan masu nema tun a gwajin farko.

Malam Mai Horo: Akwai gaskiya a maganarka, amma rabi ce. Ni horar da su nake yi. Gwajin farko yana nan, a Turai ƙasashe da yawa suna amfani da wanda Eurocontrol, hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta Turai, ta tsara mai suna FEAST, Amurka ma tana da nata. Ana auna riƙe lambobi a ka na ɗan lokaci, juya siffa a zuci, bin ƙa'idar da aka canza maka ana tsakiyar aiki, da yin abu biyu ko uku a tare. Wanda ba shi da ko ɗigon wannan, horo ba zai ƙirƙira masa ba.

Natsuwa kuwa yawancinta sabo ne. A na'urar kwaikwayo muna kashe wa ɗalibi inji, mu katse masa rediyo, mu rufe masa titi, mu turo masa hadari, har sai ranar da ya ga lamba 7700 ta gaggawa ko 7600 ta mutuwar rediyo ta fito a allo, bakinsa ya fara aiki kafin gabansa ya faɗi. Abin da kuka ji a muryar Harten shekaru ne na maimaici.

Waɗanda suke faɗuwa a hannuna bayan sun ci gwajin farko, da wuya ka ga rashin ƙwaƙwalwa ne ya kayar da su. Sau da yawa ma masu kaifin ne. Akwai mai neman shiri mafi kyau: yana da hanya mai aminci a gabansa, amma yana ta juya ta yana neman wadda ta fi, jirage kuwa ba sa tsayawa su jira shi. Akwai wanda in ya tsara abu ya ƙi sakinsa, iska ta juya, matuƙi ya makara wajen juyawa, shi yana nan yana tilasta tsohon shirin don kada a ce bai iya ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda gyara ke yi wa ciwo. A horo kullum akwai malami a bayanka da nasa abin magana, yana iya katse ka a tsakiyar jimla ya karɓe jiragen, bayan an tashi kuma a zauna a warware duk abin da ka yi. Haka za a yi ta yi wata da watanni. Mai ɗaukar gyara a matsayin cin fuska ba ya kai labari.

Baba Mai Ritaya: Malam, duk na yarda. Sai dai kada yaron ya ɗauka ana son mai sanyin jiki. Kujerar nan tana son mai dakakkiyar zuciya, wanda in ya yanke ya yanke. A zamaninmu in ka zauna, jiragenka naka ne, ba ka waige-waige kana neman wanda zai tallafe ka. Matuƙi mai shekara talatin a sama zai nemi a sa shi gaba a layi, dole ka iya ce masa a'a, ya bi bayan wancan.

Maman Iman: Baba, ku gafarce ni, a nan kam ina da ja. Iya cewa a'a dole ne, wannan babu musu. Amma rashin waiwayen nan ya ci rayuka. Ranar 1 ga Yuli 2002 da dare, a saman garin Überlingen na Jamus, jirgin fasinja na Rasha da jirgin kaya na DHL suka yi karo, mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara. Jami'i ɗaya ne a cibiyar Zurich ta Switzerland, mai kula da sararin wurin, yake riƙe da kujeru biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa kamar yadda aka saba a wurin. Ana gyaran na'urori a daren, alamar gargaɗin karo da ke fitowa a allo ba ta aiki, layin waya ma ya mutu. Jami'an cibiyar Karlsruhe ta Jamus sun hango abin a nasu allon, suka yi ta kira ba su same shi ba. Hankalinsa yana kan wani jirgi da ya makara zai sauka a Friedrichshafen. Da ya ankara saura ƙasa da minti ɗaya, ya ce da na Rasha ya sauko, alhali na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin tana ce masa ya hau. Na DHL shi ma yana saukowa bisa umarnin tasa na'urar.

Mutumin nan ƙwararre ne, kaya ne aka bar masa wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shi ya sa yau muke koya wa sababbi cewa in ka ji hoton ya fara kuɓuce maka, ka ɗaga murya tun da wuri a raba maka sashen ko a dakatar da masu tashi. Wanda ya yi haka a wajenmu darajarsa ƙaruwa take yi. Haka in tazara ta ragu a hannunka, ko da babu wanda ya lura, kai za ka rubuta rahoto da kanka, domin ramin da ka faɗa yana nan yana jiran na bayanka. Mai ɓoye kuskure ba na son zama kusa da shi.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, ban ƙi taki ba, kuma daren Zurich laifin tsari ne kafin na mutum. Abin da nake tsoro shi ne a wuce gona da iri. Neman taimako kafin abu ya cakuɗe daidai ne. Amma in jirage biyu sun riga sun doshi juna, babu lokacin shawara, murya ɗaya ce za ta fita, kuma taka ce. Na ga masu ilimi da suka daskare a wannan daƙiƙar. Ina so yaron ya tambayi kansa tsakani da Allah: in abu ya rikice, ni mai motsi ne ko mai sandarewa?

Maman Iman: A kan wannan tambayar kam ba mu da saɓani, Baba.

Ummu Salma: Ku ba ni dama in shigo da tawa. 'Yata ce take son aikin nan, tana da kai sosai, amma shiru-shiru ce, ba ta son hayaniya. Anya za ta iya? Kuma Turancin da ake magana, sai wanda ya iya shi kamar Bature?

Maman Iman: Yaya, mata suna wannan aiki a ko'ina a duniya, kuma yawan surutu ba ya cikin sharuɗɗa. Rediyo layi ɗaya ne kowa ke amfani da shi, mai dogon bayani tare wa wasu hanya yake yi. Shiru-shiru ba matsala ba ne. Abin da za ki duba shi ne ko tana iya faɗar abu kai tsaye ga wanda ya girme ta in ta ga zai yi kuskure. A jirgin KLM ɗin can, injiniyan jirgin ya yi shakka, ya tambaya ko na Pan Am ya fita daga titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, maganar ta mutu a nan. Kunya tana da wurinta, amma ban da gaban makirufo.

Turanci kuma, hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa shi mataki 6, ana buƙatar aƙalla mataki na 4, kuma wanda bai kai na 6 ba ana sake gwada shi bayan 'yan shekaru. Ba a neman karin harshen Ingila. Ana son a fahimce ki, ke ma ki fahimci matuƙi ɗan Sin ko ɗan Brazil ko ɗan Rasha ta rediyo mai shaƙewa. Jimlolin aikin ƙayyadaddu ne, haddace su ba wuya. Inda ake gane gwani shi ne ranar da abin da ya faru ba ya cikin littafi, matuƙi yana kame-kamen kalmomi yana son ya ce wani abu.

Kyaftin: Wannan batu na ƙarshe ya tuna mini da jirgin Avianca mai lamba 52, ranar 25 ga Janairu 1990. Ya fito daga Kolombiya, aka sa shi zagaye fiye da awa ɗaya saboda cunkoso da mummunan yanayi, ya gwada sauka a filin Kennedy na New York bai samu ba, mai ya ƙare masa, ya faɗi, mutum 73 suka rasu. Matuƙan sun ce mansu yana ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta Mayday, kalmar neman agajin gaggawa a rediyo, ba, ba su ayyana gaggawa ba. Nauyin farko a kanmu matuƙa yake. Duk da haka, jami'in da nake girmamawa shi ne wanda in ya ji an ambaci mai sau biyu zai tsaya ya tambaya: minti nawa ya rage maka, gaggawa kake ayyanawa? Tambaya ce ta daƙiƙa biyar.

Ɗan Lissafi: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Nan da 'yan shekaru ba kwamfuta ce za ta karɓe aikin ba?

Malam Mai Horo: Ta riga ta karɓi wani sashe. Tana hango karo, tana ba da shawarar jerin masu sauka, a wurare da yawa ta maye gurbin 'yan takardun da ake rubuta bayanin kowane jirgi. Sai dai hakan ya ƙara wa aikin wani sharaɗi: ka iya riƙe hankalinka a lokacin da babu abin da ke faruwa. Kurakurai da yawa ba a cunkoso suke zuwa ba, bayan cunkoson ne, an saki jiki, jirage biyu kacal a allo. Ranar da allon ya ɗauke kuma, hoton da Baba ya faɗa shi kaɗai ya rage maka.

Autan Mama: Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura maganar tsufa da wuri da lafiyar jiki, ba a taɓo ta ba. Kuma me zan fara yi daga yau?

Baba Mai Ritaya: Abin da ke cin jiki shi ne karɓa-karɓa, yau safe, gobe yamma, jibi dare. Sama ba ta da ranar hutu, za a yi taron dangi kana bakin aiki, sai iyalinka sun fahimce ka. Barci kuma wani ɓangare ne na aikin. A 2006 jirgin Comair ya tashi daga titin da ba nasa ba a Lexington ta Amurka, gajere ne, mutum 49 suka rasu. Bincike ya ɗora dalilin a kan matuƙan, amma ya nuna jami'in hasumiyar shi kaɗai ne, kuma barcin awa 2 ya samu kafin ya hau aikin dare. Shi ya sa ake da dokokin hutu. A Birtaniya ba a barin mutum ya wuce awa 2 a kujera sai ya tashi ya huta rabin awa. Amurka ba ta ɗaukar sabon da ya kai shekara 31, kuma a 56 ake ritaya dole. Wanda ba ya iya kashe waya ya kwanta da rana don zai yi dare, shi ne aikin ke tsufarwa. Haka wanda ke tafiya gida da jiragen a kansa. In ka miƙa wa na bayanka aiki, ka faɗa masa komai dalla-dalla, ka tsaya ka ga ya riƙe, sannan ka bar su a nan.

Malam Mai Horo: Ga abin yi, Auta. Ƙa'idar ICAO ita ce ba a ba da lasisi sai mai shekara 21, kuma sai da shaidar lafiya aji na 3, wadda ake sabuntawa lokaci-lokaci. Sauran sharuɗɗan kowace ƙasa da nata, ka duba na hukumar jiragen saman ƙasarku. A intanet akwai shafukan da ake sauraron hasumiyoyi kai tsaye. Ka riƙa saurare kana rubuta lambar jirgi da tsayi da alkiblar da aka ba shi, ka ga ko za ka iya bin jirgi uku a tare, in sun zauna ka ƙara na huɗu. Ka haddace haruffan rediyo, Alfa, Bravo, Charlie har Zulu, ka saba da agogon awa 24. Ka kuma sa wani ya riƙa yi maka magana kana cikin wani aikin, daga baya ka maimaita masa abin da ya ce.

Amma kafin duk wannan ka je wajen likita a gwada jinka da ganinka. Tabarau ba ya hana aikin in yana gyara gani yadda ake so. Rashin bambance launi, musamman ja da kore, shi ne ke hanawa, kuma akwai masu shi da yawa da ba su sani ba sai ranar gwaji.

Ummu Salma: Malam, gwajin launin nan kowane likitan ido yana yi, ko sai na hukuma?

Malam Mai Horo: Na farko kowane asibitin ido zai yi mata, littafi ne mai ɗigo-ɗigon launi da lambobi a ciki, minti kaɗan ne. Shaidar lafiyar ta lasisi kuwa sai likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi.